Karsanar Layin Agogo

Idan ka baro Babbar Kasuwar Yamai ka nufi wajen Ƙaramar Kasuwa, akwai wani ɗan layi a hannun hagu wanda masu sayar da salula suka cinye yanzu. Yawancinsu ba su san abin da ya sa ake ce masa Layin Agogo ba. Na tambayi ɗaya ran nan, ya ce wai da can kasuwar agogo ce. Allah ya shirye shi. Agogo ɗaya ne tak, na bango, kuma ba na sayarwa ba ne.

Malam Sanusi ya rataya shi a ƙofar shagonsa. Babarbare ne daga Damagaram, mai gyaran agogo, shi ya fara kafa kwano a wurin tun ana kiran layin hanyar jakai. Direbobi da malaman lakwal, wato makarantar boko, da ladanin masallacinmu duk da wannan agogon suke saita lokacinsu. Bayansa Isufu tela ya zo daga Tawa da kekunan ɗinki biyu da baki mai yawa. Sai Adama mai hoto, Bazabarme, wanda ya sa aka zana masa jirgin sama a jikin labule, rabin mutanen Yamai sun hau wannan jirgin ba su je ko'ina ba. A bakin layi akwai kantin wani Kwara, Balarabe mai sayar da yadi. Ni Balkisa ce ta biyo baya. Daga Maraɗi na zo da mijina direban babbar mota, da hatsari ya ɗauke shi a hanyar Doso sai na kafa rumfa tsakanin Malam Sanusi da Isufu, na fara dama fura.

To, fura in babu nono ai dunƙulen gero ce kawai. Nan Hajjo ta shigo.

Bafillata ce daga wajen Saga, doguwa, ba ta da yawan magana. Kullum agogon Malam na buga ƙarfe goma za ka ga ƙwaryarta ta kunno kai daga kwanar kantin Kwara, faifai a rufe. Ta sauke, ta zauna a kan wani dutse da ke gefen rumfata, ta auna mini nawa, sauran ta sayar wa masu wucewa. Da yake Barebari da Fulani taubasai ne, Malam Sanusi ba ya barin ta ta huta.

"Baiwata ta iso," yakan ce. "Bari in duba ko agogona na daidai."

"Duba dai, bawana," in ji ta. "Ai aikinka ke nan."

Ranar da sojoji suka karɓi mulki, cikin saba'in da huɗu, rediyo ya wuni yana busa kiɗan soja, kowa ya ja ƙofarsa ya bar kafa kaɗan yana leƙe. Ƙarfe goma sai ga Hajjo da ƙwaryarta a tsakiyar layi ita kaɗai, tana tambayar wa ya mutu. Da gobara ta cinye Babbar Kasuwa aka kwashe 'yan kasuwa zuwa unguwar Wadata, masu saye suka bi su, Kwara ya rufe kantinsa, layinmu ya yi shiru. Mu huɗu muka rage, da Hajjo ta biyar. Shekara goma sha huɗu muna haka da ita. Ni ta ce mini Kaɗo, ni in ce mata ƙawa. Ban taɓa zuwa gidanta ba, ban kuma taɓa tambayar ta shanu nawa gare su ba, don ko ni mai dogon baki na san ba a yi wa Bafillace wannan tambayar. Amma ina son matar nan. Ban san yawan son da nake mata ba sai daga baya.

Sai tamanin da huɗu ta zo. Damina ta yi alkawari ta saɓa. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Mutanen karkara suka yi ta kwararowa cikin gari da tabarmi da yara, aka shiga cin jar dawar taimako wadda ko kaji sai sun yi shawara kafin su tsattsaga. Masu kawo nono suka dinga ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ita ma Hajjo ta yi kwana tara ba ta zo ba.

A rana ta goma ta dawo. Ta rame, kuma manyan 'yan kunnenta na azurfa babu su. Muka gaisa kamar jiya muka rabu. Ta buɗe faifai, na ɗebi kaɗan a ludayi na kai baki kamar yadda na saba.

Ba nonon saniya ba ne. Madarar gari ce, irin wadda ake rabawa a taimako wasu su sayar, ta dama ta bar ta ta kwana ta yi tsami. Fari fat, babu ƙanshin hayaƙi, babu ɗigon mai ko ɗaya. Ina haɗiyewa ina jin idonta a kaina.

"Madalla," na ce. "Auna mini kamar kullum."

Kowa a layin ya gane, don harshe ba ya ɓoye wa mai shi. Amma babu wanda ya ce uffan. Isufu, wanda ba a taɓa ba shi sirri ya kwana da shi ba, ya shanye kofinsa ya share baki ya ce, "Kai, nonon Saga dabam ne." Adama ya ƙara kofi na biyu. Malam Sanusi ya ci gaba da tsokanarsa kamar babu abin da ya faru. Wata uku muna shan madarar gari muna sa wa shanun Hajjo albarka.

Ni ce na ɓata. Na lura nonon yana ƙara tsinkewa, ruwa na rinjayar gari, na gane ƙarfinta ne ke ƙarewa. Mu kuwa a Maraɗi, in abokiyar sana'arka ta durƙusa, ba a ɓoye ake ɗaga ta ba. A gaban jama'a ake yi, don kowa ya san tana da mutane a bayanta. Haka na ga uwata na yi, haka na ɗauka duniya duka ke yi. Na je Wadata na sayo rabin buhun madarar gari, na ce mai tura kura ya kawo shi ƙarfe goma daidai. Har wani daɗi nake ji a raina.

Ya sauke buhun a gaban dutsenta, ga rubutun Nasara ɓaro-ɓaro a jikinsa, ga masu shan fura cike da benci.

"Ƙawa, ga wannan," na ce da ƙarfi. "Ki bar wahalar saye kaɗan-kaɗan. Ki riƙa damawa da kauri."

Keken Isufu ya tsaya. Hajjo ta dubi buhun, ta dubi benci, ta dubi ƙofar Malam Sanusi. Sa'an nan ta dube ni.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Mi?"

"Tun yaushe kuka sani?"

Da ina da hankali da na yi shiru. Na ce, "Haba ƙawa, ai tun ranar farko."

 Ta auna mini nonona kamar kullum, ba ta rage ko ludayi ba. Ta mayar da faifai, ta ɗora ƙwarya, ta bi ta gefen buhun kamar kashi ne a hanya, ta tafi. Kashegari agogo ya buga goma, babu kowa a kwana. Jibi ma haka. Garin neman gira na rasa ido.

Sai da aka yi mako Malam Sanusi ya kira ni. Yana zaune da ɗan gilashin nan nasa maƙale a ido ɗaya, bai ko ɗago ba.

"Ɗiyata, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Malam, alheri na nufa."

"Na sani. Da alherin kika kwance mata zane a kasuwa. Shanunta sun mutu, ke ba ki gane ba? Duk masu nono. Muddin muna sha muna cewa madalla, tana da shanu a layin ga. Ke kika zo kika yanka su na biyu."

Na zauna a ƙasan shagonsa na yi kuka, ni da ko ranar da aka kawo mini labarin mijina sai da na shiga ɗaki tukuna. Ya bar ni na yi mai isata. Daga nan ya cire gilashin ya ce akwai hanya ɗaya. Ya ce Bafillace ba ya karɓar sadaka daga hannun aboki, amma akwai abin da suke kira habbanaye. In garken mutum ya ƙare, ɗan'uwansa ya ɗaura wa karsana igiya ya miƙa masa. Ya riƙe ta, ya sha nononta, in ta haifi 'yan maruƙa uku su zama nasa, uwar ta koma ga mai ita. Ba a jin kunyar wannan, don da ba a yarda da kiwonka ba da ba a ba ka.

"Mu ina muka ga karsana?" na ce.

"A bana? Saniya ta fi rago araha."

Haka muka rufe shaguna ranar wata Laraba, mu huɗu, muka tafi kasuwar dabbobi a bayan gari. Allah ya sa babu wanda ya san mu a can. Mai gyaran agogo da tela da mai hoto da mai fura, babu wanda ya taɓa riƙe ko wutsiyar saniya. Malam ya sa gilashinsa yana duba haƙora. Isufu ya fito da tef ɗin awo ya auna ƙirjinta, ban san ko riga zai ɗinka mata ba. Adama ya ɗauke ta hoto. Muka zaɓi wata ja mai farin goshi, don ita kaɗai ta ɗago kai ta dube mu. Ƙashi da fata ce. A kan kura aka kawo ta, muka ɗaure ta a ɗan filin da ke bayan shagon Malam.

Shawararmu ita ce mu yi mata kiwo ta ɗan murmure kafin a nemi Hajjo, don kada mu kai abin kunya. To, mutanen birni in sun so abu, da abinci suke nuna masa. Ni na jiƙa mata gero. Matar Isufu ta aiko da sauran tuwo. Adama ya kawo dusa cike da daro, ya zuba gishiri wai don ta ji daɗi. Dabbar da ta yi wata da watanni tana lasar ƙasa, ta sa kai ta cinye duka, mu kuwa muna tsaye muna ta murna.

Da hantsin rana ta uku muka same ta cikinta ya kumbura ta hagu, tana nishi, yawu na dalala. Muna cikin wannan sai ga wani sarjan na soja da mutum biyu a bayansa. A lokacin an yi sanarwa a rediyo ba a son dabba a tsakiyar gari, kuma zamanin soja in an faɗi magana ba a maimaitawa. Ya dubi saniyar, ya dube mu. Ina tsammani shi ma ɗan karkara ne, don ya daɗe yana kallon cikin nata.

"Gobe war haka in na same ta nan, mota za ta ɗauke ta," in ji shi. Har ya juya ya ƙara da cewa, "In ta kai goben."

Ban ko ɗauki mayafin kirki ba na tare taksi zuwa Saga. Ban san gidan ba. Na bi bakin fadamun shinkafa ina tambaya, ina haɗa Zabarmancina na kasuwa da nuni da hannu, har wata tsohuwa ta nuna mini wasu bukkoki a kan tudu.

Abin da na fara gani dangwali ne, doguwar igiyar nan mai maɗaurai da ake jera 'yan maruƙa. Tana nan miƙe a ƙasa tsakanin turaku biyu, an share ƙarƙashinta tas, maɗauri goma sha ɗaya, babu ko ɗaya da wuya a ciki. Na ƙirga ba da nufi ba. Abin da ban tambaya ba shekara goma sha huɗu, igiya ta gaya mini.

Hajjo na zaune a ƙofar bukka, ƙorenta a jere a bayanta, wankakku, a kife. Daga baya na ji mijinta ya yi kudu da bijimai biyu da suka rage, ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai bayan shekara. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta gaishe ni gaisuwar baƙuwa, har da tambayar mutanen gida. Wannan ya fi mari zafi. Duk hanya ina shirya kalmomin ban haƙuri, amma da na buɗe baki wani abu dabam ya fito.

"Saniya na mutuwa a bayan shagon Malam Sanusi."

"Saniyar wa?"

"Tamu."

Ta dube ni kamar na ce agogo ya haihu. "Mi ya same ta?"

"Cikinta ya kumbura."

"Mi kuka ba ta?"

Na fara lissafawa. Ina kaiwa kan tuwo ta miƙe tsaye.

"Tuwo! Saniyar da ta sha yunwa? Haɓe, Allah ya isa tsakaninku da dabba!"

Ta shiga bukka ta fito da ƙullin kanwa, ta wuce gabana. Sai da na yi gudu na cim mata.

Ban taɓa jin Hajjo ta yi magana mai yawa irin ta ranar ba, kuma duk faɗa ne. Ta aiki Isufu ya samo man gyaɗa, ta sa Adama ya wanke kwalba, ta jiƙa kanwa ta haɗa ta ɗura mata. Ta gitta mata sanda a baki ta ɗaure ta bayan ƙaho. Ta ce a ɗaga ta. Maza uku, da Malam da shekarunsa, suka kama wutsiya da ƙugu suka tsayar da ita, Hajjo na murza cikin da gwiwar hannu tana yi mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, muryar da ba ta taɓa yi wa ɗayanmu ba. Aka yi ta zagaya fili da ita. Wajen la'asar karsana ta tsaya, ta miƙe wuya, ta saki wata irin gyatsa da na tabbata an ji ta a Ƙaramar Kasuwa. Isufu ya yi kabbara.

Malam Sanusi ya kwance igiyar daga turke. Na ɗauka shi zai miƙa, sai ya danƙa mini a hannu ya ja da baya. Na nufi Hajjo da ita.

"Ba kyauta ba ce," na ce. "Habbanaye ce. Ta layi ce. In ta haihu uku ki maido muna abarmu."

 Ta buɗe bakin karsanar ta duba haƙora, ta shafa bayanta, ta leƙa hantsa.

"Wa ya zaɓe ta?"

"Ni," in ji Malam.

"Bawana ya yi sa'a. Makaho ma yakan tsinci kuɗi."

Ta karɓi igiyar. Ba ta dube ni ba, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce za ta dawo ba. Muka tsaya a bakin layi muna kallon su, ita a gaba, karsana na tangaɗi a baya, masu taksi na ta yi musu oda.

Daga nan sai jira. Duk Juma'a nakan tara dusar gerona in ba mai kura ya kai Saga, in ce ya faɗa mata abincin saniyarmu ne. Wannan ba ta taɓa mayar da shi ba. Saƙo kuwa bai taɓa wuce ɗaya ba: saniyarku na gaishe ku. Shekarar da ta biyo kogi ya janye har mutane na ratsa shi da ƙafa, sa'an nan Allah ya saki ruwa. Ni kuma da wancan rabin buhun na yi ta dama nonona, ina sha ina tuna bakina. Masu saye suka ragu. Kowace safiya ina share dutsenta. Wani mai goro ya zo zai kafa faifansa a kai, na ce masa da mai wurin. Ya ce ina take? Na ce tana hanya. Ya ce tun yaushe? Abin da na gaya masa ba na rubutawa ba ne, amma bai sake biyowa ta layin ba.

Sau da yawa na yi niyyar in je Saga. Malam ya hana ni. Ya ce wanda ya ba da habbanaye ba ya zuwa leƙe, kamar bai yarda da mai kiwo ba ne. Wannan karon na ji magana.

Shekarar da aka buɗe sabuwar Babbar Kasuwa, layinmu ya fara farfaɗowa. Wani ya buɗe shagon kaset a tsohon kantin Kwara. Wata Talata ina tsugune ina cura fura, sai na ji keken Isufu ya tsaya, irin tsayawar da ya yi ranar buhu. Na ɗaga kai. Saura minti biyu goma, ga ƙwarya ta kunno daga kwana, faifai a rufe.

Malam Sanusi ya fito ƙofa, ya dubi agogo, ya dube ta. Ya ce, "Baiwata ta makara."

"Agogonka ne ke gaggawa," in ji ta.

Ta sauke ƙwarya, ta dubi dutsen, ta ga a share yake. Ta zauna. Ta ce an samu maraƙa, mace, ja kamar uwarta. Sa'an nan ta buɗe faifai, ta cika ludayi da hannunta, ta miƙo mini.

Na kai baki. Ga kauri, ga ƙanshin hayaƙin da ake gasa ƙwarya da shi, ga ɗigon mai yana narkewa a harshe. Magana ta taho mini har leɓe, na danne ta. Na koyi darasi. Na sunkuyar da kai na ce a hankali, "Madalla. Auna mini kamar kullum."

"A'a, Kaɗo," in ji Hajjo. Karon farko cikin shekara biyu da rabi ta dube ni ido cikin ido. "Yau ki hwaɗa. Ki hwaɗa da ƙarhi, duk layi ya ji."

Isufu na tsaye da almakashi a hannu, Adama ya fito daga bayan labulensa, masu benci sun yi tsit, kowa na jira na. Ni Balkisa, da bakina ya kore ta daga wurin nan, ranar da aka ba ni izinin magana sai na kasa cewa ko uffan. Na riƙe ludayin da hannu biyu, hawaye na ɗiga cikin nonon, na shanye shi haka nan.